Hoton Baba a Hannun Gwamnati

Babanmu bai bar hoto ko ɗaya a duniya ba, sai wanda gwamnati ta ɗauke shi.

Dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya ƙarya a ciniki, ba ya kuma tsayawa gaban mai hoto. Ba wai ya ce haramun ne ba. Shi ba malami ba ne, bai taɓa jawo aya a kan maganar ba. Cewa kawai yake fuskarsa ba hajar kasuwa ba ce da za a liƙa a bango ƙuda na sauka a kai. Ranar aurena mai hoto ya bi shi har zaure yana lallashi, Baba ya ce masa ga amarya can ga ango can, shi ba shi aka ɗaura wa aure ba. Saboda wannan bai taɓa yankar katin zaɓe ba, banki kuwa aljihunsa ne. Da wayoyi masu hoto suka fara shigowa, yayana, wanda direban tirela ne, ya dawo daga Legas da tasa yana ta rawar kai, ya saita Baba yana alwala. Butar ce ta raka shi har ƙofar gida. Daga ranar babu wanda ya sake gwadawa.

Gidanmu a unguwar Bolewa yake, ginin ƙasa mai zaure ɗaya, da wata darbejiya a tsakar gida wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. A ƙarƙashinta aka yaye mu, a ƙarƙashinta aka zane mu, ni musamman, don tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Ranar kasuwa Baba kan dawo bayan la'asar da warin shanu a jikinsa da ƙunshin balangu a hannu, ya zauna kan buzu ya miƙe ƙafa, Inna ta kawo masa kunun tsamiya. Bolanci suke yi tsakaninsu, mu su yi mana Hausa, sai in laifi ya kai laifi a juya mana harshe. Da damina kuma a kwashe mu zuwa gonarsa ta Danchuwa, mu yini muna shan rana muna satar ɗanyar gyaɗa. A lokacin gani nake wahala ce. Yanzu da za a ce in koma in yi yini ɗaya a gonar nan, wallahi da gudu zan tafi.

Shekarar da aka yi wata babbar ambaliya ina Gombe gidan miji. Ruwa aka yi na tashin hankali, kwari ya cika ya tumbatsa ya shigo unguwa, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa. Sai da hanya ta buɗe na iso, na tarar katangar baya da ɗakuna biyu suna ƙasa, gero ya tsiro a cikin rumbu. Mutanen hukumar agaji sun riga ni zuwa, sun bi gida-gida sun rubuta suna, daga baya aka kawo tabarmi da barguna da masara da 'yan kwanukan rufi. Baba ya sake ginin da bulo, da sauri kamar ana korarsa. Darbejiyar ma aka sare ta don saiwarta ta saki. Kafin wata damina ya kwanta da ciwon ƙirji, Allah ya karɓi abinsa.

Shekaru suka ja. Aiki ya dawo da maigidana Potiskum, ni ma na koma koyarwa a firamaren da na yi, na zama kullum sai na leƙa Inna bayan an tashi. Sai ta fara karo da kujera, tana zuba ruwa gefen kofi, ta ce wai mu ne muke canza wa kaya wuri. Na ja ta asibiti tana mita. Likita ya haska ya duba, ya kira ni gefe ya ce ba yana ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma magani zai ja masa lokaci ne kawai. Na tambaye shi lokaci nawa. Ya ce wannan sai Allah, amma in da abin da take son gani, kada a jinkirta mata.

Ban gaya mata ba, amma mai ciwo ya fi likita sanin jikinsa. Wata ranar Asabar ina yi mata kitso, kanta a cinyata, sai ta ce wai ta ji an ce mutanen agajin nan na shekarar ruwa sun ɗauki hoton kowane gida. Na ce ƙwarai, haka aikinsu yake. Ta ce ita dai darbejiyar nan take son gani, ta manta ta wane gefe reshenta babba ya karkata. Na yi dariya na ce Inna ke ma dai, duk abin gani a duniya sai darbejiya, ga su nan birjik a bakin titi. Na ci gaba da kitso har na gama layi guda. Can ta ce, da wannan Hausar tata ta mutanen Gadaka da har yau ba ta miƙe ba:

"An ce kowane mai gida sai da aka tsayar da shi a jikin gidansa."

Hannuna ya tsaya a kanta. Matan zamaninsu ba sa cewa suna kewar miji. Inna ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai "babanku", balle ta buɗi baki ta gaya wa 'yar cikinta tana son ganin fuskarsa kafin idonta ya rufe. Iyakar abin da kunya ta bari ta faɗa ke nan. Na ƙarasa kitson a karkace, na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska, na fito na ce mata in dai darbejiya ce za a nemo.

Ranar Litinin na je ɗan ofishinsu na nan gari. Suka ce takardun wancan lokacin duk an kwashe su hedikwata a Damaturu, kuma ba a ba mutum komai da baki, sai ya rubuta. A nan ne na kai kaina ga ƙanen mijina, lauya sabon yanka, wanda ko cefane zai yi sai ya sa kwat. Tsakanina da shi wasa ne, ina ce masa mijin da ba ya ba da kuɗin miya, yana ce mini uwargida sarkin faɗa. Na gaya masa ina son hoton gidanmu na lokacin ambaliya. Dalilin kuwa ban faɗa ba. Ta ina zan fara? In dubi ƙanen miji in ce masa uwata na kewar mijinta? Ai ko a mafarki.

Shi kuwa kamar jira yake. Ya ce akwai doka da ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayanan gwamnati, kuma dole su amsa. Amma wai dabarar ita ce ka nemi da yawa don a ba ka kaɗan, in ka nemi kaɗan a hana ka gaba ɗaya. Ya zauna gaban kwamfuta ya zabga Turanci shafi biyu: a ba mu sunayen duk waɗanda suka amfana a unguwar Bolewa, da abin da aka raba, da wanda ya raba, da rahoton da aka kai sama, da hotuna. Hotunan da nake nema su ne a can ƙarshe, kamar an tuna da su ne bayan an gama. Na ce masa anya wannan ba neman rigima ba ne? Ya ce in bar masa, aikinsa ne. Na sa hannu.

Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka da kaina na kai. Na nemi izini wajen hedimasta, na shiga mota da sassafe, muka kama hanyar Damaturu. A ofishin wata sakatariya ta karɓa da fara'a, ta fara karantawa, ina kallon fara'ar tana zubewa. Ta shiga ciki da takardar ta daɗe. Da ta fito sai aka kawo mini kujera mai laushi da ruwan gora mai sanyi, ana ta Hajiya sannu, Hajiya ya hanya. Ni da ban san komai ba har ina cewa a raina ashe mutanen kirki ne, ana ta ɓata musu suna a banza. Aka buga hatimi a kwafina aka ce in dawo mako mai zuwa.

Na dawo, aka ce Oga, shugaban ofishin, ya tafi mitin. Na sake dawowa, Oga ya raka baƙi duba wata gobara. Na sake dawowa, mai mukullin sito matarsa ta haihu. Allah ya raya, na ce, amma mukullin ma jego yake yi? Babu wanda ya yi dariya. Na san bencin gaban ofishin nan kamar tabarmar ɗakina, na san mai awarar bakin get, har ta fara ce mini 'yar gari. Direbobin tasha in sun hango ni sai su ce Malama yau ma Damaturun ce? Hedimasta ya fara ɗaure fuska. Maigidana ya ce in haƙura mana, hoto ne fa. Na ce masa ranar da ya rasa na uwarsa ya zo mu yi maganar.

Duk wannan kai-komon Inna ba ta taɓa tambayata ya ake ciki ba. In na shigo da ƙurar hanya a ƙafa sai ta ce sannu da rana, ta sa a kawo mini fura. Amma ina lura da ita. Da can daga bakin zaure take gane ni, sai ya zama sai na iso tsakar gida, daga baya sai na yi sallama. Ta daina tsintar shinkafa. Ta daina zura allura, ita da ke ɗinke mana hular sanyi muna yara. Kullum in na ɗiga mata magani sai in ga kamar ina zuba ruwa a kwando, in fita ina tsine wa mitin da mukulli.

A wani zuwan ne wani ma'aikaci mai ɗan tumbi ya ja ni gefen baranda, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ni wace jarida nake wa aiki. Na ce ni alli nake riƙewa. Ya ce to wace jam'iyya ce ta turo ni? Na ce jam'iyyar 'yan aji uku. Ya yi murmushi irin na wanda bai yarda ba, ya ce in dai gidanmu ne aka tsallake a wancan rabon, ai ba sai an tono tsofaffin takardu ba, akwai wani rabon na tafe, sai a sa sunana. Sai a lokacin na gane dalilin ruwan sanyi da kujera mai laushi. Ashe tun ranar farko kallon mai bincike suke mini, takardar lauyanmu ta sa kowa ya kama kansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ni kuwa ban ma san na ce as ba.

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Ni za a yi wa tayin buhun masara? Ban san lokacin da na ture ƙofar Ogan ba, sakatariya na bina tana Hajiya tsaya, Hajiya tsaya. Ashe yana ciki, dattijo ne mai furfura, da tabarau a kan hanci, yana cin gyaɗa. Ko sallama ban yi ba, Allah ya yafe mini. Na ce masa su riƙe sunayensu, su riƙe rahotonsu, wanda ya ci ya ci, wanda ya raba ya raba, tsakaninsa da Allah. Na ƙara da cewa:

"Ubana ya rasu bai bar hoto ba sai wanda kuka ɗauka. Uwata tana makancewa. So take ta ga fuskar mijinta kafin idon ya rufe. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Ni kaina kunya ta rufe ni, kamar na yaye wa Inna mayafi a tsakiyar kasuwa. Dattijon ya cire tabarau ya ajiye, ya ce in zauna. Ya tambaye ni me ya hana ni rubuta haka tun farko, maimakon wannan dogon Turancin. Na ce ranka ya daɗe, wannan maganar a rubuta ta a takardar gwamnati, a buga mata hatimi, masinja ya yi ta yawo da ita ofis-ofis? Ya ce gaskiya ne, da tasa uwar ce shi ma ba zai iya ba. Ya miƙo mini farar takarda ya ce in rubuta layi biyu, ina neman kwafin hoton gidan mahaifina, ba sai na faɗi dalili ba, doka ma ba ta ce sai an faɗa ba. Mukullin da ke jego kuwa sai ga shi a aljihun teburinsa.

Wata ma'aikaciya, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ita aka haɗa ni da ita. Sito ne mai zafi da warin jemage, kwalaye jibge har rufi. Ta ɗaure hancinta da gefen mayafi, na ɗaure nawa, muka yi ta saukewa muna atishawa har muka kai ga na Potiskum, a ciki muka ware na Bolewa. Kowane gida takarda ɗaya, da hoto ɗaya an maƙale a sama da ƙusar takarda da ta yi tsatsa.

Ban yi zaton abin da zai same ni ba ke nan. Ina buɗewa sai ga unguwarmu gaba ɗaya, yadda na bar ta. Ga mai goron bakin masallaci da ke ba mu ɓawon rake mu tsotsa, tsaye gaban zaurensa da ya rufta, ya gyara hula kamar hoton Sallah. Ga tela mai ƙafa ɗaya ya rungume kan kekensa da ya tsamo daga laka. Ga Bakanon nan mai shagon atamfa da kakanninsa suka zo fatauci suka zauna, wanda kullum yake tsokanar Baba wai Bolewa ba su iya ciniki ba, Baba na ce masa Kanawa ba su iya gaskiya ba, kuma kullum tare suke cin tuwon dare. Ga ladan. Ga ungozomar da ta yanke mini cibiya, ita ce mai gidanta don 'ya'yanta duk suna Maiduguri, ta riƙe ƙugu tana hararar mai hoton. Ga lungun da muke wasan gaɗa, ga rijiyar da aka cike. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ina ɗagawa ina kiran sunansu ina Allah ya jiƙan wane, Allah ya jiƙan wance, ma'aikaciyar na amsa mini da amin, ita da ba ta san ko ɗaya ba. Na yi dariya na yi hawaye a cikin ƙurar nan, har na so in manta abin da ya kawo ni.

Sai ga sunan Baba.

Na ɗaga hoton zuwa hasken taga. Ga katangarmu ta baya a zube, ga rassan darbejiya ta sama. Ga Baba a tsakiyar gurbin da katangar ta bari. Ya juya wa mai hoton baya. Ya buɗe hannuwansa biyu, babbar rigarsa ta bazu daga wannan gefen gurbin zuwa wancan. Ƙeyarsa kawai ake gani, da hularsa da ta karkata hagu, da dugadugansa cikin laka.

Na tambayi matar ko akwai wani. Ta zazzage kwalin, ta duba na gaba da na baya, ta ce kowane gida ɗaya ne. Na zauna daɓas a kan kwali. Wallahi haushin Baba na ji, haushi na gaske, irin wanda ban taɓa jin nauyin yi masa ba yana raye. Haba Baba! Taurin kan nan har ranar da gidanka ya faɗi? Kowa ya tsaya an ɗauke shi, mai goro ya tsaya, ladan ya tsaya, kai kaɗai ne fuskarka ta fi ta kowa tsada? Ga shi ka bar baiwar Allah da ƙeya. Matar ta dafa kafaɗata. Suka yi mini kwafi, Ogan ya sa hannu ya buga hatimi a baya, ya ce ya so a ce abin ya fi haka. Na yi masa godiya, na kuma ba shi haƙurin ture masa ƙofa.

A mota na yi ta saƙa da warwara. Na ce ko in gaya mata ba a samu ba, ruwa ya ci takardun, ta ci gaba da zaton akwai fuskarsa a wani wuri. Na ce ko in bari sai idon ya ƙarasa in miƙa mata in ce ga shi nan yana murmushi. Har muka wuce Damagum ban tsayar da magana ba. Da muka shigo gari na ga dai ba ni da hurumin yanke mata wannan hukuncin, mijinta ne. Na biya wajen mai wankin hoto na sa ya faɗaɗa shi iya girman da zai yiwu, a takarda mai kauri.

Washegari da hantsi na same ta a tsakar gida tana shan rana. Na durƙusa na ce Inna an samu, amma ba yadda muke so ba. Ta goge hannunta a zane ta karɓa. Ta kai shi dab da idon dama, ta karkata kai, ta matsa da shi sama, ta matsa da shi ƙasa, don a lokacin ganinta ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, sai ta bi abu gutsure-gutsure. Na kasa haƙuri na fara zuba, ina cewa ai halin Baba ne, kin san shi da hoto, ko a ranar ma sai da ya nuna hali. Ta ɗaga mini hannu na yi shiru.

Ta ce ashe wannan suka ɗauka.

Da Bolanci ta ba ni labarin, a hankali, idonta a kan takardar. Ta ce ɗakinta ne ya fara faɗuwa, ruwa ya tafi da akwatinta da duk abin da ke ciki, aka bar ta da zane ɗaya jiƙaƙƙe a jikinta, ko ɗankwali babu. Maƙwabta kowa ta kansa yake, babu mai aron da zai bayar. Tana zaune kan turmi a inda ɗakin yake a da, tana rawar sanyi, sai ga mutanen agaji ta lungun baya, maza, da abin hotonsu, sun zo daidai inda katanga ta zube, tsakar gidan duk a buɗe. Suka ce ɓarnar suke son ɗauka, kuma sai da mai gida a ciki, in ba haka ba babu suna a takarda. Babu inda za ta shiga ta ɓuya. Baba ya taho da sauri ya tsaya a gurbin ya buɗe rigarsa, ya ce musu ga ɓarna ga mai gida, su ɗauka. Ita duk zatonta daga baya ya zagaya zaure da su sun yi na sosai, kamar yadda aka yi wa kowa.

Ta miƙo mini hoton ta ce in duba mata da kyau, ni mai ido, ko ana ganinta a ciki. Na duba ƙarƙashin hannuwansa, na duba gefen rigar, na duba tsakanin ƙafafunsa.

"Ko yatsarki bai fito ba, Inna."

"To," ta ce. Ta karɓe abinta.

Kuka ya ci ƙarfina. Na ce ta yafe mini, na yi iya yina ban samo mata fuskar ba. Ta lalubo kaina ta dafa, kamar ni ce marar lafiyar.

"Ke ce ba ki samu ba. Ni yake kallo."

Kafin damina ta zagayo idon dama ya bi na hagu. Hoton yana ƙarƙashin filonta, ta sa an naɗe mata shi a leda. Wani lokaci da hantsi takan fito da shi ta zauna ta riƙe a gabanta. Ran nan yayana ya sauka daga tafiya ya shigo gaishe ta, ya tarar ta riƙe shi, hoton na kallon waje, farin bayan takardar na kallonta. Ya matsa zai gyara mata, ya ce Inna kin riƙe shi a juye.

Ta janye hannunta ta ce ta sani, ta wannan gefen fuskarsa take.